Telan da ya ɗinka wa limamin fadar Denmak riga a Birnin Kebbi

Shagon ba shi da allo, ba a rubuta komai a bangonsa ba, shi ya sa ko na so in tallata shi da suna ba ni da abin rubutawa. Yana cikin wani lungu ne a bayan masu yadi na babbar kasuwar Birnin Kebbi, inda ruwan masu wanki da guga ke bi ta tsakiyar hanya, sai mutum ya tattare zane kafin ya wuce. Kekuna huɗu ne a ciki, uku na ƙafa ɗaya na lantarki, da yara biyu masu koyo, da wani dattijo mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Shi ne maigidan. Ni Baba nake ce masa, shi kuma Malama. Mako bakwai na yi ina zarya wurinsa, na yi fushi da shi har sau uku, kuma in wani aikin ya taso gobe wurinsa zan koma.

Tarihi nake koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta, kuma duk ƙarshen shekara, ranar raba kyaututtuka, ajina ne ke yin wasan kwaikwayo. Mun yi Kanta da ganuwar Surame, mun yi Sarauniya Amina har iyaye sun haddace. Bana sai abokiyar aikina, wata 'yar Numan da muke zama tebur ɗaya a ɗakin malamai, ta ba ni labarin cocinsu. Ta ce 'yan ɗarikar Luta ne, kuma mutanen Denmak ne suka kafa musu, wani likita mai suna Bronnum da ya sauka Numan a 1913. Na tambaye ta me ya haɗa ƙaramar ƙasa kamar Denmak da tura mutane har Adamawa. Ta ce ai sun daɗe da wannan hali, in nemi labarin limamin fadarsu na zamanin Sarki Firedirik na Huɗu. Na nema, na kwana biyu ina karatu a waya, na ga wasa ya samu. Rubutu bai ba ni wahala ba. Tufafi ne suka tsaya mini a wuya.

Tela na farko ya kalli hoton limamin a wayata ya ce shi kaftani da jamfa ya iya. Na biyu ya karɓa da murna, bayan kwana huɗu ya miƙo mini rigar bikin kammala makarantar rainon yara, mai sheƙi, har da zif a gaba. Mai guga na bakin lungun ne ya ce in gwada dattijon can, “shi ba ya tsoron baƙon ɗinki, sai dai ki tanadi haƙuri.”

Da na miƙa wa Baba wayar, bai taɓa tef ɗin awo ba. Ya ɗaga tabarau, ya sa yatsa biyu ya buɗe hoton, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Malama, wanga mutum mi a aikinai?”

Na ce sunansa Lutkens, Bajamushe ne, an haife shi a 1650. Babban fasto ne a wata coci a birnin Balin na Jamus, har ya haura shekara hamsin, sai Sarkin Denmak ya kira shi Kopenhagen a 1704 ya zama limamin fada. A lokacin Jamusanci ake yi a fadar, don haka ana buƙatar mai wa'azi da harshen. Shi zai yi huɗuba a ɗakin ibada na cikin fada, shi zai ba sarki da iyalinsa Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi na ibadar Kirista, a gabansa manyan gida za su faɗi laifinsu, a yi wa 'ya'yan fada baftisma, in an yi rasuwa a yi jawabin jana'iza. Yaran shagon suka kasa faɗin sunan, ƙaramin ya ce Lukman, daga ranar kuwa kowa a shagon Malam Lukman yake ce masa, har ni.

Baba ya ce, “To wa ka ba shi abinci?”

Na ce sarki. Albashinsa, gidansa, matsayinsa, duk daga hannun sarki. Kuma ba sarki irin wanda majalisa ke ja wa burki ba: tun dokar sarauta ta 1665 Sarkin Denmak yana sama da kowace dokar ɗan Adam, shi ke naɗa bishop, shi ke sauke shi. Sharaɗin da aka gindaya masa shi ne ya tsaya a kan aƙidar Luta, wadda aka rubuta a Ogsbag a 1530.

Ya gyaɗa kai ya ce, “Awo. To za ni yi mishi aljihu.”

Na ce babu aljihu a hoton. Ya ce hoton bai nuna ciki ba. Limamin da ke cin tuwon fada ba a barinsa babu aljihu, in ji shi, ko dai ya sa abin da aka ba shi, ko ya ɓoye abin da yake son faɗa bai samu fuska ba. Na yi dariya na ɗauka zolaya ce. Da rigar ta fito sai ga aljihu a ciki, wajen ƙirji ta hagu, mai zurfin da hannu ke shiga har wuyan hannu, an yi masa kalmasa sau biyu. Daga waje ba a ganin ko alamar zare.

Wannan shi ne abin da ya bambanta shi da sauran. Bai yanka yadi ba sai da ya san wane ne zai sa, a gaban wa zai tsaya, zai durƙusa ko ba zai durƙusa ba. Da na ce yaron da zai fito a matsayin limamin zai durƙusa a gaban sarki sau biyu, ya ƙara faɗin gindin rigar, ya rage tsawon gaba da kamar yatsa uku don kada ya taka ta in zai miƙe. Yadi shida baƙi ya ce in sayo, marar sheƙi. Na kawo wani mai ɗan walƙiya saboda ya fi araha, ya murza shi tsakanin yatsu ya mayar mini a leda bai ce komai ba. Da na matsa, ya ce wanda ke yi wa sarki wa'azi ba ya ƙyalli kusa da sarki. Na mayar, na yi ciko, na karɓo wanda yake so.

Gaskiyarsa ta yi daidai da tarihi ba tare da ya karanta ba. Baƙar rigar nan asalinta ba rigar ibada ba ce, rigar malaman jami'a ce. Martin Luta da kansa ya tuɓe rigar zuhudu a 1524 ya koma hawa mumbari da irin tufar masu digiri na zamaninsa, doguwa, baƙa, mai faɗin hannu. Abin da take cewa shi ne mai ita malami ne, aikinsa karatu da bayani. Baba ya yi mata tattara ƙanana a kafaɗa ta baya, ya jera su daidai kamar haƙoran mataji, da hannu ya kama su kafin ya bi da keke. Na ƙirga, talatin da shida. Hannun rigar ya buɗe kamar na babbar riga amma bai kai a naɗe shi a kafaɗa ba. Yaron da ya sa ta, ɗan aji biyar ne mai rawar kai wanda ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya, yana zura ta ya nutsu, har tafiyarsa ta canja.

Shawara ta biyu ma tasa ce. A wasan akwai malamai biyu masu baƙar riga, Lutkens da bishop na Kopenhagen, Bornemann, kuma rigimarsu ce tsakiyar labarin. Sarki ya ce wa limaminsa ya nemo masa masu wa'azin Kirista da za a tura Tarankeba, wani ɗan gari a gaɓar kudancin Indiya da Denmak ke riƙe da shi tun 1620. Lutkens bai samu mai zuwa a Denmak ba, sai ya rubuta wa abokansa a Balin, aka turo masa samari biyu da suka yi karatu a garin Halle na Jamus, Zigenbalg da Fulutshau. Mutanen Halle kuwa manyan cocin Denmak ba sa ƙaunar salonsu, don su tuba ta zuciya suke nanatawa, suna ganin malaman hukuma sun tsaya a haddar aƙida kawai. Bishop ya jarraba samarin ya ce ba su ci ba. Sai da sarki ya sa baki aka sake zama, aka naɗa su a Nuwamba 1705, jirgi ya tashi da su a ƙarshen watan, suka sauka Tarankeba ranar 9 ga Yuli 1706. Fiye da wata bakwai a kan ruwa.

Baba ya ce in duka biyun baƙi za su sa, iyaye na bayan zaure ba za su san ɗan gari da baƙo ba. Ya sake duba hotunan da na tara, ya nuna ɗaya mai 'yan ƙyallaye biyu farare da suka sauko daga maƙogwaro, ya nuna wani mai wata irin kwala fara da ta zagaye wuya ta yi tudu. Na ce ta farko an fi saninta a ƙasashen Jamus, ta biyu kuwa fastocin Denmak har yau suna sa ta. Ya ce shi ke nan, baƙo ya ɗauki harsuna biyu, ɗan gari ya ɗauki wancan. Ya ƙara kallonta ya ce, “Wanga ai gammo na, wuya anka sa ma.” Gammo muka ci gaba da kiranta.

Harsunan biyu minti ashirin suka ɗauke shi. Gammon ne ya ci mako uku.

Gwajin farko ya yi tattara irin ta siket, ta fito laɓe-laɓe kamar rigar 'yar tsana. Shi da kansa ya jefa ta kwandon ƙyallaye kafin in yi magana. Na biyu ya manna mata takardar kwala mai gam, wadda ake bi da dutsen guga, ta tsaya ƙiƙam amma ba ta lanƙwasa, yaron ya zama kamar an zuro kansa ta tsakiyar faifai. A nan na ce a bar ta haka, wa zai sani. Ya cire tabarau ya ce, “Ni na sani.” Na koma gida na ƙara karatu, na dawo na faɗa masa yadda masu ita suke yi: dogon ƙyalle ne siriri na farin lilin, ana kama shi a jikin maɗaurin wuya, a jiƙa shi da sitaci, sannan a bi shi lanƙwasa bayan lanƙwasa da ɗan sandan ƙarfe mai zafi, kowace ta zagayo ta koma kamar lamba 8. Ya sa aka yanko masa guntun rodi, ya tura a gawayi. Lanƙwasa ta huɗu ta ƙone, shagon ya cika da ƙauri, aka yi asarar yadi guda.

Ranar da na dawo, tun daga bakin lungu na hango abin a kan rufin kwano na mai guga, an danne gefensa da duwatsu. Baba ya aiki yaro ƙauye ya samo sillen karan dawa masu kauri ɗaya, ya yanka su tsawon yatsa, ya kankare. Mai guga ya dama masa sitacin rogo mai kauri kamar kunu. Ya tsoma ƙyallen, ya matse, sannan ya riƙa cusa kara ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, yana kama bakin kowace lanƙwasa da ɗigon zare, har ya zagaye. Kara tamanin da wani abu. Rana ta gasa shi yini guda, da yamma ya zare karan ɗaya bayan ɗaya a gabana, kowane ya bar rami zagayayye a tsaye. Na ɗaga gammon a tafin hannu, ba shi da nauyi, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa kamar busasshen ganye. Su ma Turawan, kafin su koma sandan ƙarfe, da 'yan sandunan itace da ƙashi suke tsayar da ita. Da na gaya masa haka bai nuna mamaki ba, ya ce ai duk wanda ya rasa wuta zai nemi rana.

Zaman jira a shagon nan ya canja mini wasan ma. Wata rana ina kan benci, babban yaron yana haɗa rigar sarki, jan karan-miski da na samo a gwanjo, ya tambaye ni matan sarkin nawa. Na ce a dokarsu ɗaya ce, kuma dokar Denmak ta 1683 kisa ta yanka wa mai auren biyu. Amma shi Firedirik, yana tare da Sarauniya Luwisa, ya ɗaura aure da wata a 1703, ta rasu shekara ɗaya bayan nan. A Yuni 1712 kuma ya sa aka ɗauko masa Anna Sofi Rebentlo daga gidan mahaifiyarta ya aure ta, sarauniya na nan da ranta. Sai da Luwisa ta rasu a Maris 1721 ya sake ɗaura auren a bainar jama'a, ko wata ɗaya ba a yi da rasuwar ba. Yaran suka fashe da dariya, su a wurinsu mata biyu ba labari ba ne. Baba bai yi dariya ba. Ya tsayar da ƙafarsa a kan keke ya ce shi ba yawan matan ya dame shi ba, dokar da za ta sare kan talaka ta tsallake sarki ita ce maganar. Sannan ya ce, “To su masu baƙar riga mi sunka ce?”

Na ba shi misali biyu, don su ne suka fi fitowa fili a tarihin wannan aiki. A 1540 Filib, mai mulkin Hesse, ya ƙara aure matarsa na raye, bayan ya samu shawara a asirce daga Luta da abokin aikinsa Melankton, kuma limamin fadarsa, Melanda, shi ya ɗaura. Abin ya zama tabon da abokan hamayyar ɗarikar ba su daina nunawa ba. Ɗaya misalin shi ne Shifena, babban limamin fadar Diresdin daga 1686. A 1689 ya rubuta wa uban gidansa, Yohan Giyog na Uku, wasiƙa a keɓe yana yi masa nasiha a kan irin rayuwar da yake yi. Mai mulkin ya fusata, ya ƙaurace wa wa'azinsa, a 1691 Shifena ya tattara ya koma Balin. A Balin ɗin kuwa ya tarar da Lutkens, kowa da babbar cocinsa a gari ɗaya, shekara goma sha uku kafin a kira Lutkens Kopenhagen. Wato lokacin da ya karɓi kiran, ya san abin da wasiƙa ɗaya ke jawo wa limamin fada, a kusa da shi abin ya faru.

Baba ya ce mu ma muna da namu. Ya kawo labarin Magami, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Babbar Sallah ya raba musu dukiya, Shehu Usmanu ya ƙi karɓa, ya roƙi abu biyar a maimakonta, ciki har da sakin fursunoni da sassauta wa talakawa haraji. Ya ce amma Shehu Degel zai koma ya kwana, ba sarki ya ba shi ɗaki ba. Malam Lukman kuwa in ya fita daga gaban sarki, ɗakin sarki zai shiga, a ƙasar da ba tasa ba. Ya ce shi tausayinsa yake ji. Ya koma taka keke.

A rubutuna na farko Lutkens gwarzo ne kawai, ya tura samari Indiya, Zigenbalg ya sha ɗaurin wata huɗu a hannun kwamandan Denmak na Tarankeba, ya fito ya kammala fassara Sabon Alkawari zuwa harshen Tamil a 1711, a tafa a tashi. Daren nan na ƙara fitowa ta ƙarshe. Annoba ta shiga Kopenhagen a 1711 ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin, a Yuni na shekara mai bi sarki ya yi sabon aurensa, a Agusta limamin ya mutu. Na sa tsoho a tsaye shi kaɗai, ana kiɗan biki a bayan labule, hannunsa a cikin aljihun nan na Baba. Ƙirƙirata ce wannan, kuma na faɗa wa iyaye haka kafin a fara.

Yanzu ga inda ya ɓata mini rai, don kada wani ya tafi da zaton aljanna zai shiga. Baba tela ne, kuma alkawarin tela kowa ya san shi. Ya ce mako huɗu, ya yi bakwai. Ɗinkin Babbar Sallah ya faɗo a tsakiya, ya ture kayana gefe ya rungumi shaddodin mutane, bai kuma gaya mini ba sai da na zo na ga rigar bishop a ƙarƙashin tulin kaftani. Wayarsa tana cikin aljihun rigar da ya rataye a ƙusa, ko ka kira sau goma ba mai ɗauka. “Ki taho jibi” na ji ta har na daina ƙirgawa, kuma kowane zuwa kuɗin mashin ne daga aljihuna. Mun yi gwajin wasa na ƙarshe yara na sanye da kayan makaranta, kayan ba su iso ba sai ana gobe biki da la'asar. Rigar sarki da ya bar wa yaronsa ta fito da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, a daren na zauna na kama ta da allura. Ba ya ba da rasit, a bayan kwalin zare yake rubuta kafin alƙalami da alli, ranar biya kuwa sai da muka yi musu a kan dubu biyu saboda allin ya goge. Na biya, amma har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya.

Matsalar baƙin yadin kuwa rabi laifinsa rabi nawa. Ya ce in jiƙa shi da gishiri kafin a yanka, na ce babu lokaci, shi kuma bai dage ba yadda ya dage a kan sheƙi. Ranar biki an ɗauke wuta, fankoki suka tsaya, zauren ya cika maƙil, ga hadari ya haɗo bai zubo ba. Kafin a kai rabin wasa gumi ya sa rigar ta zuba, harsunan Lutkens farare suka koma ruwan toka daga sama. Gammon ma bai ji daɗin damina ba. Sitaci da laima ba sa shiri, ya fara da tsayuwa kamar a hoto, lokacin da bishop ke faɗa wa samarin ba su ci jarrabawa ba ɓangaren hagu ya soma sunkuyawa, kafin sarki ya tsawata masa gammon ya kwanta a kafaɗa. Iyaye suka ɗauka da gangan ne, aka yi ta tafi. Yaron dai ya kwana biyu yana shafa man kaɗanya a wuya, don bakin maɗaurin ya goge shi. Da Baba ya sa masa ƙyalle mai laushi ta ciki da hakan bai faru ba, kuma na gaya masa.

Fitowar ƙarshe ce ta biya ni wahalata. Ban ce wa yaron ya yi komai da aljihun ba illa ya sa hannu. Ashe ya naɗe takarda ya ɓoye a ciki. Ana kiɗa a bayan labule, ya zaro ta rabi, ya kalli ƙofar da sarki ya fita, ya mayar, ya sake zarowa. Zauren ya yi tsit, har kukan jariri a baya aka ji. Wani dattijo a layin gaba, wanda na san yana zama a majalisar wani hakimi, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Abokiyar aikina 'yar Numan ta riƙe mini hannu ta matse. Aka ja labule takardar na rabi ciki rabi waje. Baba bai zo ba, ko da yake na kai masa katin gayyata, ya ce ranar yana da yankan kayan amarya.

Kuɗin ɗinki duka, riguna biyu baƙaƙe, rigar sarki, harsuna da gammo, naira dubu arba'in da biyar ya karɓa, yadi da sitaci nawa ne. Bai saka gwajin da suka lalace a lissafi ba, yadin da ya ƙone ma shi ya biya. Na yi ciniki bai rage ko sisi ba. A ganina rigunan baƙaƙe kaɗai sun ci kuɗinsu, na juya su ciki na duba, babu zare ɗaya da ke reto, za su yi shekaru ana sa wa yara. Mai son kaftanin Sallah cikin kwana uku kada ya je, zai sha takaici. Mai baƙon aiki, 'yan wasan kwaikwayo, masu shirya fim, ƙungiyar mawaƙan coci, ko wanda ke da tsohon hoton kakansa yana son a fitar masa da irin rigar, ya je da wata biyu a hannu, ya guji gabanin Sallah, ya wanke baƙin yadinsa tun a gida, ya riƙe takardar lissafinsa da kansa. Ya kuma shirya amsa tambayoyi, don sai an ba shi labarin mai rigar.

Makon jiya na buɗe kabad ɗin ajiya na makaranta na tarar kyankyasai sun bi sitacin sun cinye gefen gammon, ya zama kamar tsohon mayafi. Na sa shi a leda na kai masa. Ya juya shi, ya hura ƙurar, ya ce ƙyallen bai mutu ba, wanki kawai yake so da sabon sitaci, karan ma yana nan ya ɗaure su a saman ƙofa. Ya ce in bar shi, in kawo yaron ya sake auna wuyansa don ya sa masa ƙyallen ciki. Na ce yaushe zan dawo. Ya ce jibi.